Yabon Dakta Halima Ya Kai Labarina Gammo

Jama'ar kirki, ina gaishe ku. Masu cewa na ɓace, ina nan, abin da ya same ni ne ya hana ni zama in danna waya. Wanda bai san ni ba, sunana Badi'a, 'yar Malam Sanusi mai shagon yadi a kasuwar Gwarzo. Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata makarantar kuɗi da ke bayan tasha. Ni ce kuma na rubuta ɗan littafin nan mai shuɗin bango, Na Buɗe Taga, wanda a da nake zaton daga ƙawayena sai 'yan guruf ɗinmu na marubuta ne kawai suka karanta shi.

Ranar wata Asabar da safe abin ya fara. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk laima. Ina bakin rijiya ina wanke hijaban makaranta, sanye da wata doguwar riga da ta koɗe har ba a gane launinta na asali. Baba yana ƙarƙashin rumfa da kofin kokonsa da rediyonsa, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Inna tana madafa tana suyar ƙosai.

Sai wayata ta hau ruri a kan murfin bokiti. Zinnira ce, ƙawata tun ta firamare.

"Ke Badi'a, kina kusa da rediyo? Shirin littattafai ake yi. Maza kamo."

"Rediyon Baba a kunne take. Me aka yi?"

"Ki dai saurara."

Ban ko ajiye wayar ba na ji mai gabatarwa yana cewa littafin da za su duba yau na wata matashiya ne, Badi'a Sanusi daga Gwarzo. Baba ya tsayar da kofin a hanya, bai kai baki ba. Ni kuwa na miƙe da kumfa har gwiwar hannu.

Bari in ɗan tsaya saboda sababbin zuwa. Shekarun baya an taɓa sa min rana da wani, Ɗayyabu. An kawo lefe, an buga kati, Inna ta gama haɗa kayan ɗaki, sai ya turo kawunsa ya ce ya fasa. Dalili? Wai zuciyarsa ce ba ta kwanta ba. Ni kuma na shiga ɗaki na ja labule. Da farko aka ce kunya ce. Da abin ya yi nisa aka ce sammu, wasu suka ce iska. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi iri-iri. Ba kuka nake yi ba, komai ne kawai ya daina ɗanɗano. Wanka ya zame min kamar in taka a ƙafa zuwa Kano. Daga ƙarshe Inna ce da kanta ta yafa mayafi, ta toshe kunne daga maganar dangi, ta kai ni asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa. A can aka ce ciwon damuwa ne, yana da suna, yana da magani. A hankali na dawo mutum. Da na samu kaina sai na zauna na rubuta duk abin da ya faru, da sunana na gaskiya, aka buga min a Kano. Inna ta yarda ne kawai saboda a lissafinta ba wanda zai karanta.

To, wadda aka gayyato ta yi sharhi a ranar ita ce Dakta Halima Sa'adiya, malamar jami'a. A guruf ɗin marubuta ana cewa in ka ji littafinka ya shiga hannunta ka fara istigfari. Na ce shi ke nan, yau za a yi min wankin babban bargo a gaban Baba.

Muryarta a sanyaye ta fito.

"Na daɗe ban karanta littafin da ya yi maganar ciwon damuwa ba tare da wa'azi ko roƙon tausayi ba kamar wannan. Yarinyar nan ba ta tsaya tana gaya mana ta yi baƙin ciki ba. Nuna mana ta yi tana zaune gaban kofin shayi har ya huce, ta san ya kamata ta sha, amma hannunta ya ƙi miƙewa. Duk wanda ya taɓa shiga wannan ɗakin zai gane shi. Wanda bai taɓa shiga ba kuma, bayan ya karanta zai daina ce wa mara lafiya ka cire abin a ranka kawai."

Mai gabatarwa ya tambaye ta ko littafin bai yi nauyi da yawa ba.

"Ai abin mamakin ke nan, tana da ban dariya. Babin da aka kawo mai hayaƙi ya turnuƙe ɗakin har kajin gidan suka gudu, sai da na ajiye littafin na yi dariya ta ishe ni. Tana da kunnen jin yadda mutane ke magana. Gyaran da zan yi mata biyu ne. Babin ƙarshe ta yi shi da gaggawa kamar wadda mota ke jira a waje. Sannan ta ba saurayin nan shafuka da yawa, alhali bai cancanci rabinsu ba."

Baba ya gyaɗa kai. "Wannan gaskiya ne," ya ce, kamar da shi ake hirar.

"Amma ni a wurina," in ji Dakta, "jarumar littafin uwar ce. Macen da ba ta yi boko ba, dangi kaf suna cewa iska ce, ita kuma ta ce a je a tambayi likita. Irin waɗannan iyayen ne ke ceto rayuka, ba a kuma rubuta su."

Na waiwaya. Inna tana tsaye a ƙofar madafa da cokalin suya a hannu, bayanta hayaƙi na tashi. Ƙosan ranar dai baƙi muka ci.

Da aka gama shirin Baba ya rage muryar rediyon. Ni zuciyata kamar ta fito ta yi rawa. Ina jiran Inna ta ce wani abu mai daɗi, sai ta dubi Baba.

"Malam, gidan rediyon nan ana kama shi a Gammo?"

"Har ƙasar Katsina ake kama shi."

Ta ajiye cokalin a hankali. "To, Allah ya rufa asiri."

Ga dalilin tambayarta. Akwai wanda yake nema na yanzu, Zayyad, ɗan Gammo ta ƙasar Kabo. Yana da shagon taki da maganin feshi a Kabo, yana kuma noma gonakin mahaifinsa da ya rasu. Mutum ne mai sanyi, in yana ba ka labari sai ka ƙosa kafin ya kai ƙarshe, amma bai taɓa ce min zai zo ya ƙi zuwa ba. Magana ta yi nisa, manyansa sun zo gaisuwa, saura sa rana. Tun zuwansa na farko na miƙa masa littafin na ce ya karanta kafin ya ƙara takowa. Ya karanta, ya dawo, ya ce babu abin da ya canza. Abin da ban taɓa tambayarsa ba shi ne ko ya gaya wa mutanen gidansu.

Kafin azahar wayata ta yi zafi. Saƙonni ta ko'ina. Malaman makarantarmu, 'yan ajinmu na sakandare da rabon mu da magana tun ranar rabuwa, har da wata da ta taɓa cewa littafin tonon asiri ne, yau ita ce ta sa hotona a status da "marubuciyarmu abin alfaharinmu". Mai shagon littattafai na Kano ya kira ya ce waɗanda na bar masa sun ƙare, in ƙaro. Ina ta murmushi ni kaɗai kamar an yi min albishir da kujerar Makka.

Sai na Zayyad ya shigo.

"Barka da arziki, marubuciya. Na ji komai a shago, har na ƙara murya."

Na tura masa fuskar dariya. Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can sai ga saƙon, a kan mahaifiyarsa.

"Hajiya ma ta ji. Zan zo bayan la'asar."

Na sa atamfata koriya mai zanen ganye, na yafa farin gyale, na ɗan goga hoda. Ya iso cikin shadda ruwan toka, ya fesa turare sosai, amma duk da haka hancina ya tsinto warin maganin feshi a ƙasa. Ya kawo wa Inna ɗanyar masara daga gonarsu. Muka zauna a zaure, ya gaishe ni kamar bai san ni ba, har da tambayar ruwa da gajiyar makaranta.

Na ce, "Malam Zayyad, bar kwana-kwana. Hajiya ta ji yabon?"

"Ta ji an ce likitan ƙwaƙwalwa. Daga nan ba ta ƙara jin komai ba, saboda Baba Baƙo ya shigo da tasa rediyon a hannu."

Alhaji Baƙo ƙanin mahaifinsa ne, shi ne waliyyinsa, kuma a gidansu in ya yi magana ba a maimaitawa.

"Me ya ce?"

"Ya ce a dakata da maganar sa rana, a yi bincike. Wai irin wannan abin yana bin jini."

Ya cire hula ya mayar.

"Badi'a, ni shawara ce da ni. Da za ki ɗan janye littafin daga shaguna har a ɗaura. In an tambaye ki kuma, ki ce labari ne kika ƙirƙira kamar yadda sauran marubuta ke yi."

"In ce ƙarya na rubuta?"

"Ba ƙarya ba. Hikima ce, don a samu a wuce wajen."

"Ranar da ka gama karantawa me ka ce min?"

"Na ce babu abin da ya canza."

"To yau me ya canza? Ni ce dai. Ciwon shi ne dai. Abin da ya ƙaru kawai mutane sun ji."

Na miƙe na gyara gyale.

"Ka gaida Hajiya. Ka gode wa gona, masarar ta yi kyau."

Masu karatu, kada ku ɗauka jarumta ce. Ina shiga ɗaki tsoro ya rufe ni. Ba maganarsa ce ta fi tsorata ni ba. Abin da na ji a ƙirjina ne, wani nauyi da na sani sarai, irin wanda ke cewa ja labule ki kwanta. Na zauna a bakin gado ina kallon labulen. Sai na tuna abin da likita ta koya min. Na fita na ci tuwo ko da ba na jin yunwa, na gaya wa Inna a fili cewa raina babu daɗi, washegari kuma na tafi islamiyya duk da ba na son ganin kowa. Nauyin bai tafi nan take ba, amma bai samu wurin zama ba.

Inna kuwa ta rabu gida biyu a kwanakin nan. Rabi ɗaya ta kwashe katan-katan ɗin littattafaina daga ƙarƙashin gado ta kai su sito, ta jera buhunan dawa a gabansu. Kullum da safe sai ta same ni.

"An fasa na farko, yanzu kina so a fasa na biyu? Mutum ya rufa wa kansa asiri ai ba ƙarya ba ce. Ke ba kya ganin ƙannenki na bayanki duk suna ɗakunansu?"

"Inna, ke fa kika kai ni asibitin."

"Na kai ki asibiti, ban kai ki rediyo ba."

Ɗaya rabin kuma ta sa Zinnira ta tura mata muryar shirin a wayarta. Duk maƙwabciyar da ta shigo aron turmi ko rariya sai Inna ta zaunar da ita, ta wuce duk inda aka yi maganata, ta kunna daidai wajen jarumar littafi. Sannan ta ce, "Ni ban san me suke nufi ba, surutun 'yan boko ne kawai." Ta sake kunnawa.

Baba kuwa na lura ya ɗauki kwafi ɗaya ya ajiye a kan teburin shagonsa, kusa da almakashi, inda duk mai sayen yadi zai gani.

Ana cikin haka wata mata ta turo min saƙon murya daga garin Kara. Ban san ta ba. Ta ce ƙanwarta tun da ta haihu ta daina magana, ta daina kula da jaririn, an yi ta kai ta wajen masu magani. Ta ce da suka ji shirin, mijin ya yarda a kai ta asibiti. Tambayarta kawai ita ce wace rana likitan ke ganin mutane, kuma me za su ce in sun je. Na ba ta amsa dalla-dalla. Da na gama na je sito, na ja buhun dawa gefe, na ɗauko katan ɗaya na aika wa mai shagon Kano. Inna tana kallo na daga bakin madafa. Ba ta hana ni ba, tsaki kawai ta yi ta ce in mayar mata da buhun yadda na same shi.

Shi kuwa Zayyad saƙo bai yanke ba. "Kin ci abinci?" Na karanta na yi shiru. "Na yi kuskure, tsoro ne ya kama ni." Na karanta na yi shiru. Ya turo hoton gonar masararsa, ban san me yake so in yi da shi ba. Zinnira ta ce in daina wahalar da bawan Allah. Na ce ai ban ce ya tafi ba, so nake in ga inda zai tsaya.

Sai ranar Laraba ya turo wanda ya sa na zauna.

"Kullum in na taso daga shago ina karanta wa Hajiya littafin. Na gaya mata tun farko na sani, ni ne na ɓoye. Ta yi min faɗa sosai. Jiya mun kai wajen mai hayaƙi."

Na kasa daurewa. "Ta ce me?"

"Ta yi dariya har ta ƙware. Yau kuma da muka kai wajen asibiti ta ce in tsaya. Ta ce in kawo ta Gwarzo ranar Juma'a."

Uwar miji ta tako da ƙafarta gidan yarinya kafin aure? Inna da ta ji sai da ta nemi kujera. Daga nan gidan ya rikice. Aka share har bayan randa, aka fito da labulen sallah, aka yanka zakara, aka kunna turaren wuta tun safe har idanuna suka yi ja. Inna ta canza min kaya sau ba adadi, daga ƙarshe ta tsayar da wata atamfa ruwan goro da babban hijabi, wai in fito a mai natsuwa.

"In ta tambaye ki magani, ki ce kin daina tuntuni."

"Inna."

"To ki yi shiru, ni zan amsa."

Bayan an sauko daga masallaci suka iso. Hajiya Uwaliya doguwa ce siririya, cikin les ruwan zuma da babban mayafi, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ƙwaryar man shanu. Zayyad ɗanta ne na fari, don haka ba ta kama sunansa. Tana shigowa ta waiwaya ta ce, "Kai yaron nan, koma mota." Ya koma kamar an ja shi da igiya.

Gaisuwa kam an yi ta. An gaida gida, an gaida damina, an gaida masu jiki da waɗanda suka warke, an tambayi mutanen Gammo kusan ɗaya bayan ɗaya. Ina ɗaki ina leƙe ta gefen labule. Sai na ji ta ce, "Ina 'yar tawa? A kira min ita."

Na fito na durƙusa nesa da ita, kaina a ƙasa. Ta ce in matso. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ba gaggawa.

"Badi'atu, tambaya zan yi miki, ki ba ni amsa yadda kika ba takarda. Maganin nan, har yanzu kina sha?"

Inna ta yi gyaran murya. "Ai Hajiya tuntuni..."

"Ina sha, Hajiya," na ce. "An rage min, amma ina sha. Ina kuma komawa ganin likita lokaci-lokaci."

Na ji babban yatsan ƙafar Inna ya taɓa ni ta ƙarƙashin hijabi.

"Ciwon zai iya dawowa?"

"Zai iya. Amma yanzu na san kamanninsa tun daga nesa, na kuma san abin da zan yi. A da ban sani ba, shi ya sa ya kayar da ni."

Ta ja carbi. Can ta buɗe jakarta ta zaro wata 'yar leda cike da ƙwayoyi ta ajiye a tabarma.

"Nawa ke nan, na hawan jini. Kullum sai na haɗiya. Ban ji an ce a yi bincike a kaina ba." Ta mayar da ledar. "Alhaji Baƙo ki bar ni da shi. Tun yana yawo ba wando na shigo gidansu, na san ta inda ake kama shi. Ni abin da ya taso ni daban ne."

Inna ta gyara zama. Ni ma na ɗago kaɗan.

"Gwaggon nan taki da kika rubuta, mai zuwa dubiya ta cinye farfesun mara lafiya, tana raye?"

"Tana raye, Hajiya."

"Ta san an rubuta ta?"

Inna ta kai mayafi baki. "Ta sani. Har yau ba ta zuwa gidan nan sai ta ci abinci a gidanta."

"To kun ga abin da nake tsoro." Hajiya ta nuna ƙirjinta da carbi. "Ni mace ce mai faɗa. Ina da mita. In aka zuba min gishiri da yawa sai unguwa ta ji. Ba na so wata rana ina zaune in ji Daktar nan a rediyo tana cewa babin surukar nan ya ba ta dariya har ta ajiye littafi."

Dariyar da nake dannewa ta kuɓuce min. Inna ta harare ni, sai ita ma ta fashe. Hajiya ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa.

"Ban ce ki daina rubutu ba. Abin da kika rubuta ya yi amfani, ni shaida ce, don akwai waɗanda na tuna da su a ƙauyenmu da aka bari a ɗaki har suka tafi. Amma sharaɗina ɗaya. Duk inda sunana zai fito, a karanta min in ji kafin duniya ta ji."

"Na yarda, Hajiya."

"Sai roƙo ɗaya. Asabar ɗin ƙarshen wata zan sa Alhaji ya jagoranci maza su zo sa rana. Daga nan zuwa ranar, ki ɗan lafa da maganar rediyo. Ba ɓoyewa na ce ki yi ba. So nake tsohon ya zo ya zauna ya tashi ba tare da wani sabon abu ya faɗo masa a kunne ba."

Wannan kam na ga ba ta nemi da yawa ba. Na ce in sha Allahu. Ta ci naman zakara ta yaba, ta ce miyar gishirinta daidai, Inna ta yi ta washe baki. Da na rako ta mota, Zayyad ya dube ni ta madubi kamar ɗan makarantar da ke jiran sakamako. Na ce masa a hankali, "Ka iya karatu ashe." Ya kusa tayar da motar a giya.

Saboda haka ku sani, duk abin da kuka karanta daga sama zuwa nan ya bi ta kunnen Hajiya, ta waya na karanta mata. Da na rubuta les ɗin ruwan ƙasa ne, ta ce ruwan zuma ne, na gyara. Maganar yawo ba wando kuma ta ce in bar ta, ai gaskiya ce.

Abin da ke biye ne ban karanta mata ba tukuna.

Motarsu ba ta daɗe da barin layinmu ba, ina ɗaki ina cire hijabi, sai baƙuwar lamba ta kira. Na ɗauka da sallama.

"Badi'a Sanusi? Halima Sa'adiya ce."

Na miƙe tsaye, kamar tana gani na. Na gaishe ta ina haɗa kalmomi, na yi godiya har na rasa ta cewa.

"Ba sai kin gode ba, aikinki ne ya yi magana. Kuma ina nan a kan bakata game da babin ƙarshe. Ga abin da ya sa na kira. Muna shirya taro a Kano a kan ciwon damuwa, za a samu likitoci, malaman addini da ɗalibai. Muna so wadda ta shiga ta fito ta tsaya ta karanta da bakinta. Gidan rediyon nan za su watsa kai tsaye. Akwai mata da yawa a ƙauyuka da muryarki za ta kai musu inda tawa ba za ta kai ba."

"Dakta, yaushe ne?"

"Asabar ɗin ƙarshen wata."

Ta taga ina hango Inna tana ɗaga ƙwaryar man shanu tana nuna wa Baba, fuskarta fal murna irin wadda na daɗe ban gani ba. Kusa da ƙafar Baba kuma ga rediyonsa, wadda ko baƙi ya yi a zaure ba ya kashewa, sai dai ya rage murya.

"Badi'a, kina ji na? In sa sunanki?"

Na yi niyyar in ce ta ba ni lokaci in yi shawara. Wallahi abin da na shirya faɗa ke nan. Sai na ji bakina yana cewa, "Dakta, da ƙarfe nawa za a fara?"